Goggo Mai Awo da Ɗingishin Giwa

A 'yan shekarun da suka wuce, kullum kafin rana ta yi zafi Goggo Mai Awo ta riga ta iso ƙofar tsohuwar rumfar gyaran jiragen ƙasa. Maigadi ya san takunta, don haka tun ba ta ƙwanƙwasa ba yake zare sakata. Su gaisa, ta tambaye shi iyali, shi kuma ya tambaye ta gwiwa, ta ce da sauƙi ko da kuwa babu sauƙin. Daga nan sai ta wuce ɗan ɗakinta da ke jikin bangon rumfar, ta rataye jaka a ƙusa, ta zura doguwar rigar aiki mai ruwan toka wadda baƙin mai ya daɗe da rina mata aljihu. A aljihun dama akwai tef ɗin awo da ma'aunin kauri, a na hagu akwai tsumma da ɗan buroshin waya na kankare tsatsa. Ba ta kunna kwamfuta da safe. Takan ce safiya ta ƙarfe ce, kwamfuta ta jira a dawo daga hutun rana.

Ƙarfen da take nufi shi ne Giwa. Haka ma'aikata ke kiran tsohon kan jirgin nan mai aiki da tururi, wanda shi kaɗai ya rage cikin 'yan'uwansa. Baƙa ce wuluk, doguwa, ƙafafunta sun kai ƙirjin namiji tsayayye. Rabon da a hura wuta a cikinta tun ba a haifi yawancin masu aiki a wurin ba, har tantabaru sun mai da bututun hayaƙinta gidan gado. Kowace safiya Goggo takan zaɓi yanki guda a jikinta, ta goge, ta kankare, ta auna, ta rubuta, sannan ta sake aunawa. Wata rana noti huɗu kawai za ta gama, wata rana sanda guda. Bayan hutu ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ta gyara tabarau, ta zauna gaban kwamfuta ta gina abin da ta auna.

Abin da take yi ba hoto ba ne na ratayewa a bango. Gina Giwa take yi a cikin kwamfuta, noti bayan noti, ta yadda mutum zai iya juya ta, ya cire mata ƙafa, ya buɗe tukunyar ruwanta ya leƙa ciki, ya kuma sa ta tafiya ya ga kowane ƙarfe yana motsi a wurinsa. Sharaɗin aikin guda ne, sai kowane yanki ya zo daidai da na gaske a tsawo da faɗi da kauri. A wannan watan Goggo ke ajiye aiki, shi ya sa na ga ya dace a faɗi abin da muka gani da idonmu, tun tana kusa tana ji.

Tana budurwa ta shiga ofishin zane na hukumar jiragen ƙasa. Aikinta na farko shi ne kwafar zanen injina da alƙalami da tawada a kan takarda shara-shara, aikin da ɗigo guda ke ɓata wahalar yini. A nan ta samo laƙabinta. Duk wanda ya kawo mata lamba da baki, ya ce ta sa a zane, sai ta ɗago kai ta tambaye shi, "Ka auna, ko dai ka ji an ce?" Tun ana jin haushi har aka koma tsokana, aka sa mata Mai Awo. Goggon kuwa furfura ce ta kawo shi daga baya.

Da kwamfuta ta shigo ofishin aka kwashe allunan zane aka jibge a sito, sa'o'inta da yawa suka nemi canjin wuri, wasu suka ajiye aiki. Ita a lokacin 'ya'yanta sun girma, amma ta zauna koyo kamar 'yar aji ɗaya. 'Yarta, wadda yanzu nas ce, har yau takan ba da labarin yadda uwar ke ɗaga linzamin kwamfuta sama tana kaɗa shi a iska, tana mitar cewa kibiyar ta ƙi tafiya. Ba a yi nisa ba ta iya, har ta zama ita ake kira idan zane ya rikice.

Labarin Giwa ya taso ne da aka yanke shawarar shimfiɗa sabon layin dogo ta inda tsohuwar rumfar take. Aka ce za a rushe rumfar, tsofaffin ƙarafan da ke ciki kuma a sayar wa masu narkarwa. Wanda aka ɗora wa aikin share wurin shi ne Injiniya, mutum mai sanyin hali, sa'an babban ɗan Goggo. Ranar da ya fara zagaya Giwa ya kasa sa hannu a takardar sayar da ita. Ya nemi zanenta na asali, aka buɗe masa akwatin, ya tarar gara da yoyon rufi sun riga shi. Sai ya yi tunanin cewa idan jikin zai tafi, to ko siffar a tsirar, wataƙila ma idan manya suka ga abin da za su rasa su sake shawara.

Ya gayyato masu na'urar da ke ɗaukar siffar abu da haske. Suka zagaya Giwa, suka fitar da siffa mai kyan gaske, har lotsawar da ke jikin bututu ta fito. Injiniya ya yaba musu, amma da ya juya siffar a kwamfuta ya leƙa cikinta, sai ya ga wayam.

"Fata ce kawai muka samu," in ji shi a ofishin zane. "Na'ura ba ta ganin abin da ke bayan ƙarfe. Sauran sai an bi da hannu."

Kowa ya sunkuyar da kai, kuma ba laifinsu ba ne, zanen sabon layi ya sha musu kai. Goggo ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi.

"Ba ni aikin, Injiniya."

"Goggo, akwai hawa da sauka fa. Akwai rarrafe a ƙarƙashin ƙarfe."

"Rarrafe ai shi na fara koya a duniya," ta ce. "Ka dai sa a gyara mini fankar ɗakin can."

Haka ta bar ofis mai sanyi ta koma rumfa mai ƙura da kashin tantabaru. Siffar da na'ura ta ɗauka ta zame mata madogara, a kanta take jera abin da ta auna, kuma ba ta taɓa raina ta ba. Takan ce masu na'ura sun rage mata rabin hanya.

Matsalar farko ta same ta a ɗakin direba. An daɗe da kwance hannaye da ma'aunai na tagulla da ke wurin, ba abin da ya rage sai ramukan ƙusa. Ta yi ta cigiya har ta samu labarin Baba Direba, wanda shi ne na ƙarshe da ya ja Giwa da fasinja. Ya tsufa ƙwarai, yanar ido ta rufe masa gani, yana zaune a wurin 'yarsa. Goggo ta je har gida ta gaishe shi ta faɗi buƙatarta.

"Jirgi a cikin akwati?" ya ce. "Yana cin kwal?"

"Ba ya ci, Baba."

"Yana shan ruwa?"

"Ko ɗigo."

"To 'yata, wannan ba jirgi ba ne, aljani ne. Amma zan zo in gaisa da tsohuwar."

Ranar da 'yarsa ta kawo shi, sai da maigadi da Injiniya suka tallafe shi ya hau matakala. Da ƙafarsa ta taka daɓen ɗakin direba sai ya saki hannunsu. Ya gyara tsayuwa, ya miƙa hannun dama cikin iska ya damƙe abin da babu shi.

"Nan birki yake," ya ce.

Ya ɗaga hannun hagu sama kaɗan. "Nan kuma igiyar jiniya."

Goggo ta ce masa kada ya motsa. Ta zaro tef ta auna daga daɓe zuwa dunƙulen hannunsa, ta auna daga bango. Haka suka bi ɗakin kaf, shi yana kama iska, ita tana aunawa. Tun daga ranar ya zama ɗan gida. 'Yarsa takan sauke shi da hantsi ta wuce wurin aikinta, ya zauna a benci da kofin shayi, yana ba tantabaru da maigadi labarin tashoshin da ba su nan yanzu. Idan Goggo ta tambaye shi abu ya sani, ya faɗa. Idan bai sani ba ma wani lokaci ya faɗa, sai ta tsare shi da ido, can ya yi dariya ya ce, "To, wannan kada ki rubuta."

Wannan ne ya sa ta fito da wata dabara. Duk abin da ta auna da hannunta ta bar shi baƙi a cikin kwamfuta. Abin da ta samu daga bakin Baba ta shafa masa rawaya. Abin da babu yadda za ta kai gare shi, sai dai ta yi hasashe, ta shafa masa ja. Injiniya ya ce launukan za su rage wa siffar kyau a idon manya.

"Za su rage," ta ce. "Amma ba na son wanda zai zo bayana ya ɗauki zatona ya yi rantsuwa da shi."

Bai sake tayar da maganar ba.

Damina biyu ta wuce a kan wannan aiki. Rufin rumfar yana yoyo, ta riƙa jan teburinta daga wannan kusurwa zuwa waccan. Gwiwarta ta ƙara tsanani har 'yarta nas ta kafa mata doka, ta ce ban da shiga ramin gyara, wato dogon ramin da ke tsakanin layukan dogo a ƙarƙashin jirgi. Goggo ta ce ta ji.

Sai ga sanarwa cewa manyan hukuma za su zo su yanke hukunci a kan Giwa. Goggo ta harhaɗa duk abin da ta gina, ƙafafu da fistin, wato ƙarfen da tururi ke turawa, da sandunan da ke haɗa su, Injiniya na tsaye a bayanta, ta danna maɓallin da zai sa jirgin tafiya. Ɓangaren dama ya juya sumul. Na hagu ya yi rabin juyi ya cije. Wata siririyar sanda, wadda aikinta buɗe wa tururi ƙofa da rufewa, ta kutsa cikin ƙarfen da ke kusa da ita, kwamfuta ta tsaya cak.

Ta koma kan lambobinta. Sandar hagu ta fi ta dama gajarta da kamar faɗin yatsa. Ta fita ta sake aunawa, ta sa Injiniya ma ya auna, amsa ɗaya. Sandar gajera ce, kuma da wannan gajartar jirgin ba zai yi tafiya ba, alhali kowa ya san Giwa ta yi shekaru tana jan kaya da ita. Injiniya ya nemi a ɗaga ranar zuwan manya, aka ce masa masu rushe rumfa sun riga sun shirya, ba za a ɗaga ba.

Akwai hanya mai sauƙi, kuma su biyun sun san ta. Kwamfuta na iya ɗaukar ɓangaren dama ta juya shi ya zama na hagu, kamar a madubi, cikin ƙiftawar ido. Jirgi zai yi tafiya, manya su gani su ji daɗi. Injiniya bai ce ta yi ba, bai kuma ce kada ta yi ba. Goggo ta kashe kwamfuta ta tafi gida.

Maigidanta tela ne. Ya bar shago ga yaransa, amma kekensa na nan a baranda yana ɗinkin jikoki da na tsofaffin abokai. Da yammacin ranar tana zaune ta ɗora ƙafa a kan kujera, shi yana zura zare a allura, ta ba shi labari.

"Ni ban ga abin damuwa ba, Mai Awo," in ji shi. "Mu teloli hannu ɗaya muke aunawa mu yanka biyu. Juya na dama ya zama na hagu mana. Wa zai shiga ƙarƙashin jirgi ya ƙaryata ki?"

"Babu kowa."

"To?"

"To sai ya zama wani jirgin ne daban na gina, na sa masa sunanta. Idan aka narkar da ita gobe, ƙaryar ce za ta rage a duniya a matsayin gaskiya." Ta juyo wajensa. "Maigida, kowa da kowa kake wa haka? Hannu ɗaya ka yanka biyu?"

Ya tsaya da allura a hannu yana tunani.

"Ban da abokina mai gyaran agogo. Kin san ya taɓa karyewa a kafaɗa, hannunsa na hagu ya ɗan shige. Shi kam daban nake auna masa. Kuma ba rage tsawon hannun riga kaɗai ake yi ba. In ka rage hannu ka bar mazauninsa inda yake, rigar za ta riƙe shi, ko kofi ba zai iya kaiwa baki ba. Sai ka matsar da wurin da hannun zai zauna."

Ya ci gaba da ɗinkinsa. Sai can ya ɗago ya ga ta sauke ƙafa daga kujera tana kallonsa.

"Me na ce?"

"Ka ce abin kirki," ta amsa. "Kada dai ka saba."

Abin da ta tuna shi ne mazaunin sandar. Wani ƙarfe ne da ke manne a bayan gangar jikin jirgin, inda sandar ke ratayewa. Na dama a fili yake, ta auna shi. Na hagu yana lungu, daskararren maiko ya binne shi, ba a kai masa sai ta cikin ramin gyara. A ranar da ta zo kansa ta ɗauka tagwaye ne, ta sa masa lambar na dama, kuma ba ta shafa masa ja ba.

Washegari ta kira 'yarta nas a waya ta ce mata yau za ta karya doka, gara ta ji daga bakinta. 'Yar ta yi faɗan da za ta yi, sannan ta ce a ƙalla a sa mata kujera a cikin ramin. Injiniya ya cire rigarsa ta ofis ya ari ta aiki, ya riga ta sauka, ya karɓe ta a matakala. Shi ya riƙe fitila, suka yi ta karɓa-karɓar kankara, maiko na zubo musu a kai kamar busasshiyar laka. Wajen tsakar rana ƙarfen ya bayyana.

An matsar da mazaunin. Ga tsofaffin ramukan ƙusa nan an toshe su da ƙarfe an goge sumul, sai an shafa da yatsa ake jin alamarsu. Ga sababbi an huda a gefe, a jere kamar haƙoran mataji. Goggo ta daɗe tana shafa wurin kafin ta zaro ma'auni.

"Wanda ya yi wannan ya iya aiki," ta ce. "Dubi, a wurin da ya san ba mai gani."

Da la'asar ta shigar da sababbin lambobi ta danna maɓalli. Ƙafafun Giwa suka juya, dama da hagu, suka sake juyawa, ba cijewa. Injiniya ya zauna a kan akwatin kayan aiki ya sauke ajiyar zuciya. Don ya ƙara wa abin armashi, sai ya haɗa masa sauti, ta yadda duk lokacin da ƙofar tururi ta buɗe za a ji hucin jirgi. Da suka kunna sai suka kalli juna. Hucin bai daidaita ba. Uku na zuwa a jere, na huɗu ya ɗan makara, kamar mai jan ƙafa. Goggo ta ɗauka akwai sauran kuskure.

Da safe aka kawo Baba Direba kamar kullum. Ta kama hannunsa ta kai shi ɗakinta, ta zaunar da shi, ba ta gaya masa komai ba ta kunna. Allon kwamfuta ba ya gani sai haske-haske. Ya karkata kai.

"Ƙara sautin, 'yata."

Ta ƙara. Ya ɗora tafin hannu a gwiwa, yatsunsa suka fara bin kiɗan, uku a jere, na huɗu a makare.

"Ita ce," ya ce a hankali. "Ɗingishinta ke nan."

Sai ya ba su labari. Wata shekara ruwa ya ci ƙasar da ke ƙarƙashin dogo kusa da wata gada, Giwa ta kwanta ta hagu, sandar ta karye. Babu sabuwa, ba kuma ranar zuwanta. Masu gyara suka ciro wata daga jikin mataccen jirgi, ba girmansu ɗaya ba, suka yi dabarar da za su yi har ta zauna. Tun daga nan take ɗingishi.

"Marigayiya uwar yaran nan tana gane ta tun daga nesa," in ji shi. "Jirage nawa ke wucewa ba ta ɗaga kai, amma da ta ji wannan sai ta ɗora mini ruwan wanka."

"Baba, me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?"

"Ni ma na manta, sai yanzu da na ji."

Ya sa gefen hannun riga ya goge ido, ya ce yanar ce ke sa masa ruwa. Ya roƙa a bar sautin a kunne. Goggo ta ja ƙofa ta bar shi shi kaɗai, ta koma wajen ƙarfenta.

Ranar da manya suka zo, Injiniya ya yi bayani, Goggo ta juya musu Giwa a allo, ta buɗe tukunya, ta sa ta tafiya. Ɗaya daga cikinsu ya tambayi dalilin rawaya da ja, ta faɗa masa. Wani ya ce ya ji hucin kamar bai daidaita ba, ko na'urar ce? Ta nuna musu sandar da mazauninta, ta maimaita labarin Baba yadda ya ba da shi, ba ƙari. Babbansu ya ce yana son ya ga toshiyar ramukan da idonsa. Ya naɗe ƙafar wando ya sauka ramin gyara, Injiniya na haska masa. Da ya fito bai yi dogon jawabi ba. Ya ce rumfa kam za a rushe, babu makawa, amma Giwa ba ta sayarwa ba ce, a yi mata inuwa kusa da babbar tasha inda mutane za su gan ta.

Wajen ɗauke ta ma aikin Goggo aka bi. Da shi masu ɗaga kaya suka san inda za su ɗaura sarƙa da abin da za a kwance tukuna. Wata ƙusa da tsatsa ta cinye ta karye a hanya, aka kai wa maƙeri awonta daga kwamfuta, ya ƙera sabuwa ta shiga daram. Baba Direba ya samu ganin an sauke ta a sabon wurinta, ko in ce ya samu shafa ta. Bai cika shekara bayan haka ba ya riga mu gidan gaskiya. 'Yarsa ta zo ta roƙi a sa mata hucin nan a wayarta, aka sa mata.

Yanzu 'yan makaranta na zuwa su ga Giwa, su taɓa allon da aka kafa a gefenta su buɗe cikinta. Masu koyon aikin injiniya na neman siffar don su ga yadda tururi ke tura fistin. Kaɗan ne cikinsu suka san hannun da ya bi ƙarfen nan taƙi-taƙi.

Goggo, ke ce kika bar inuwa kika shiga ƙura a shekarun da sa'o'inki ke neman wurin hutawa. Ke ce kika ga hanya mai sauƙi a buɗe, ba mai tsaro, kika ƙi bi. Ke ce kika gano kuskurenki kika sauka rami da ciwo kika gyara shi, ba ki ɗora wa na'ura ba, ba ki ɗora wa tsufa ba. Mai Awo, gani ya kori ji. Mun yi aiki kusa da ke shekara da shekaru, ba mu taɓa jin kin ɗaga murya ba, amma da yawanmu mun daina cewa "kusan haka ne" saboda kunyar idonki.

A ɗan taron sallamar da aka yi mata a sabuwar inuwar Giwa, an ce ta yi magana. Ta miƙe ta gode wa maigadi, ta gode wa Injiniya, ta gode wa maigidanta da ke zaune a gaba cikin sabuwar riga ɗinkin kansa. Sannan ta ce abu ɗaya ne ke damunta. Mutumin da ya toshe ramukan nan ya goge su sumul ya yi aikinsa ya tafi, kuma ba ta jin akwai wanda ya taɓa sunkuyawa ya gani balle ya ce masa sannu. Ta ce tana so a shaida, ita ta gani, kuma ta ce masa sannu. Ta koma ta zauna.

To mu ba za mu bari naki ya zama haka ba, Goggo. Sannu da aiki. Mun gani, mun shaida, mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara lafiya, ya albarkaci zuriya.

Ku kuma masu karatu, kowane wurin aiki yana da irin tasa Goggon, mai gyara lungun da ba a leƙawa. Ku neme ta tun tana nan ku gaishe ta, ku zauna kusa da ita ku koyi hannunta. Idan kuma aiki ya zo hannunku a inda ba mai duba ku, ku yi shi yadda wanda zai sunkuya bayan shekaru ya shafa zai yi muku addu'a.

Maigidanta ya tsegunta mini cewa duk shekarun nan da ta yi tana zana jirage, ba ta taɓa bin layi har ƙarshensa ba, kuma sun shirya tafiya su biyu. Madalla da wannan shawara. Kin daɗe kina yi wa jirgi hidima, Goggo. Yanzu ki samu kujera kusa da taga, shi ma ya ɗauke ki.